Yadda Na Mai da Taubashina Ruwan Ɗorawa a Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram ban sami sukuni ba. In na zauna a kara, kasuwar shanu, sai a kewaye ni, in na fito daga masallaci sai wani ya riƙe mini hannun riga. Yaya ƙasar Faransi take? Da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda? Me ya sami Garba ya dawo da launin da ba da shi ya tafi ba? Na gaji da maimaitawa, ga shi kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin, har na ji ana cewa a Kausani wai Turawa ne suka rina shi a marina. Tun da Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, na iya haɗa baƙi, bari in rubuta sau ɗaya. Mai son ji ya nemi wanda zai karanta masa.

Ni ne Audu, dillalin shanu a kasuwar Wudil. Garba kuwa ɗan kawuna ne, mutumin Utai. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, wato taubashina ne. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando yake kirana Bawa, ni kuma nake kiransa Sanƙo, tun ma kafin gashin ya zube. Ba mu taɓa yi wa juna gaisuwar kirki ba. In na gan shi da safe sai in ce ashe bai mutu ba, shi kuma ya ce yana jira ya binne ni tukuna. Haka muka tsufa. A sana'a kuwa ni ne baki, shi ne hannu. Ni nake ciniki, shi yake shiga cikin garke ya shafa saniya, ya buɗe bakinta, ya ɗaga wutsiya, ya gaya mini abin da za ta yi a mahauta. Ban taɓa sayen dabba ba tare da hannun Garba ya taɓa ta ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani game da ni. Ƙanena da ya dawo daga yaƙin Bama ya zo mini da gwangwani cike da wasu ƙwayoyi ruwan ɗorawa masu ɗan karen ɗaci, irin waɗanda ake ba soja saboda zazzaɓi. Mu mutanen bakin kogi mun san abin da damina take zuwa da shi. Ruwa ya cika fadama, sauro ya tashi, gida-gida sai ka tarar da mutum a ƙudundune yana karkarwa. Duk wanda na ba ƙwayar nan sai ya miƙe. Da suka ƙare na riƙa sayo wasu a kantin magani a Kano. Aka sa mini suna Likitan Kara, ni kuma na karɓa, har ina tafiya da gwangwanin a aljihu yana kacau-kacau don a san na iso. Abin da na ɗauka a raina shi ne zazzaɓi iri ɗaya ne a duniya, kuma maganinsa yana aljihuna.

Bayan an gama kaka muka ji labari shanu sun yi araha a arewa, muka ce bari mu je da kanmu maimakon mu riƙa saye a hannun na uku. Ranar tafiya matar Garba, Hajara, ta rako mu har zaure. Ta ce mini, Malam Audu, ga amanar tsohon nan, ka san ba ya faɗin ciwo. Na ce ta kwantar da hankalinta, in ma ya mutu a hanya zan kawo mata fatar ta yi buzu. Ta yi dariya ta koma ciki.

A Kano muka shiga wata babbar mota mai zuwa Damagaram. Direban Bayarabe ne, amma ya fi mu iya zagi da Hausa. Aka jera mu a kan buhunan goro kamar kaji. Kusa da mu wata tsohuwa ce mai zuwa ganin 'yarta a Matamaye, riƙe da kwandon daddawa a cinya. Rana na yin zafi daddawar ta fara magana. Garba ya sanar da duk motar cewa a yi haƙuri, bawansa ne bai yi wanka ba tun Sallah. Tsohuwar ta ji daɗin an ɗauke mata laifi, ta ba shi goro.

Mun wuce Kazaure kaɗan motar ta fara huci, tururi ya turnuƙe gaba. Direba ya sauko ya ce lagireto ya sha ruwansa, kowa ya kawo butarsa. Muka miƙa, ya juye mata duka. Da Azahar ta yi, mota ta sha ta ƙoshi, mu kuwa fasinja sai taimama muka yi a bakin hanya. Wani malami da ke cikinmu ya ce a iya karatunsa bai taɓa cin karo da hukuncin wanda ƙarfe ya shanye wa ruwan alwala ba. Muka kwana a Daura a rumfar wani mai tuwo, da safe muka nufi iyaka.

Garba ya zaci zai ga ganuwa da ƙofa. Da muka isa, ashe ganga biyu ce da gora a gicciye. Gonar gero ta wannan gefe ita ce ta wancan gefe, akuya na tsallakawa ba mai tambayarta. Mu ne kawai aka tsayar. Wasu sojoji masu jar hula suka ce kowa ya naɗe hannun riga a ga lambar agana. Kowa ya naɗe ban da Garba. Shi mutum ne mai kunyar jiki fiye da misali. Tun muna yara ba ya wanka a kogi in da mutane, kuma tun da ya fara sa wando ko ni ban ƙara ganin gwiwarsa ba. Sai da soja ya daka masa tsawa sannan ya janye rigar kaɗan, yana kallon sama kamar amarya.

Daga nan sai 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, suka hau bincike. Ɗaya ya ciro gwangwanina ya girgiza, ya tambaya. Na ce magani ne. Ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya ya ce ɗansa na kwance, ko zan taimaka. Na ƙirga masa 'yan ƙwayoyi a tafin hannu. Kaina ya ƙara girma, na ce wa Garba ya duba, har gwamnatin Faransi ta san da ni. Da suka zo kan kwandon tsohuwa kuwa, suka ɗaga faifai, suka mayar da sauri, suka ce ta wuce. Sai da muka yi nisa ta ɗaga daddawar ta nuna mana turamen atamfa a ƙasa. Ta ce tun kafin a kafa gangunan nan take bin hanyar, ba wanda zai koya mata.

Muna tashi daga iyaka direba ya murɗa sitiyari ya koma hannun dama. Motar ta ɗauki salati. Malamin nan ya fara kalmar shahada da ƙarfi, yana zaton barci ne ya kwashi direba. Direba ya leƙo ya ce mu rufe masa baki, a ƙasar Faransi haka ake tuƙi, wanda ya tsaya a hagu shi ne mai neman lahira. Garba ya ce lallai mun zo inda ya dace da ni, ƙasar da komai a juye yake.

Damagaram gari ne na manyan duwatsu da ƙarancin ruwa. Mu da muka saba mu tsoma ƙafa a kogi in mun ga dama, sai ga mu inda ake yi wa tulu ɗaya tsaro kamar jariri. Nono ya fi ruwa sauƙin samu. Mun sauka a Zango, a gidan wani fatoma, wato mai saukar da fatake ya kuma haɗa su da masu dabba. Sunansa Ilu, dogo, mai yawan fara'a da tsoron hukuma. Kalma uku in ya yi, ta huɗu sai ya ambaci kumandan, Baturen da ke mulkin garin.

Abinci kam mun ci. Furarsu ta fi tamu kauri, sai ka sha ka ji kamar an ɗora maka dutse a ciki. An kawo mana fara soyayya da yaji, Garba ya cinye tasa ya cinye tawa. An kawo cuku, wani busasshen nono mai faɗi, na zaci fatar takalmi ce aka manta a kwano, da na gwada shi kuma ya tafi da rabin haƙorina na gefe. Burodin nan da kuke tambaya gaskiya ne, dogo ne, bayansa tauri cikinsa iska, mutum zai iya korar jaki da shi sannan ya karya kumallo. Wasu Buzaye masu raƙuma suka kira ni shayi a wani ɗan kofi da bai fi a ɗura wa jariri magani ba. Na kurɓe na yi godiya na tashi. Ashe na yi babban rashin ladabi, sai an sha zagaye uku ake tashi. Ilu ya bi ni da gudu ya dawo da ni, na zauna har La'asar ina jiran ruwa ya tafasa.

Wani abu da ya yi mini daɗi shi ne babu sauro. Ko ɗaya. Na yi barci ba hayaƙi, ba rufe kai, har ina cewa in na koma zan ba mutanen Wudil labari. Na lura da wannan sarai, kuma bai hana ni yin abin da na yi ba.

Muka fara saye. Jajayen shanu masu dogon ƙaho, ga tsoka, sai dai kaska ta yi musu yawa, musamman a hantsa da ƙarƙashin wutsiya. Garba ya ce ba zai kai dabba kasuwar Wudil da kaska ba, a yi masa dariya. Kullum sai ya tsuguna a cikinsu yana cirewa da farce ɗaya bayan ɗaya. Kuma da yake bai yarda da kowa ba, ya ƙi kwana a ɗakin da aka ba mu. Ya shimfiɗa buzunsa a kan tarin harawa a cikin shingen shanun, tare da karnukan Ilu. Na ce ya koma cikin danginsa. Ya ce aƙalla su ba sa minshari.

Mun fi mako a haka. Wata safiya ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, Bawa, kaina zai tsage. Na ce kan da babu komai a ciki me zai tsaga shi. Ku fahimce ni. Mutumin nan ya taɓa kwanciya a kasuwar Gaya ya sa aka lulluɓe shi da mayafi, aka aiko mini ya mutu, na zo ina kuka ya tashi yana tambayata kuɗin likkafani. Wanda ya yi maka haka, in ya ce kansa na ciwo, ba ka saurin tashi.

Kashegari na ga yana tafiya yana buɗa ƙafafu, a hankali, kamar mai tsallake kwata. Nan na samu abin da nake so. Na kira Ilu da Buzaye da duk wanda ke zaure, na ce su zo su ga ɗan kaciya mai furfura. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Shi ma ya yi dariya, don taubashi ba ya fushi a gaban mutane. Amma daga ranar bai ƙara yi mini maganar jikinsa ba, kuma in ya ga ina kallo sai ya daure ya haɗe ƙafafun.

Da zazzaɓi ya kayar da shi sosai, sai na ce to, yanzu aka zo fagena. Na fito da gwangwani na ba shi. Bai sauka ba. Na sake ba shi. Zazzaɓinmu na gida kun san halinsa: ya zo da sanyi, mutum ya yi karkarwa, ya yi gumi ya jiƙa tabarma, ya tashi ya sha kunu, jibi ya dawo. Wannan kuwa ba ya tafiya ko'ina. Jikin ya ɗauki zafi ya riƙe, kamar dutsen da ya wuni a rana. Na ga bambancin da idona. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce zazzaɓin Damagaram taurin kai gare shi irin na jakunansu, ƙwaya ɗaya ba ta isarsa. Na ninka. Da bai ji ba na sake ninkawa. In ya ƙi haɗiya in toshe masa hanci. Ilu ya ce ko a kai shi asibiti, ko da yake shi kansa ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma. Na ce ga asibiti a aljihuna, wane asibiti kuma.

Sai Garba ya fara sauya launi. Tafin hannunsa, tafin ƙafarsa, farcensa, har sanƙon, duk suka koma ruwan ɗorawa. Ya daina cin abinci. Ya fara ciniki da ubansa, wanda ya rasu tun zamanin fara, yana ce masa bijimin bai kai haka ba. Wata rana da hantsi ina ba shi ruwa, ya kama hannuna ya dube ni.

"Audu," in ji shi, "in ka koma, ka ce wa Hajara ta yafe mini."

Tun da uwata ta haife ni bai taɓa kirana Audu ba. Kofin ya faɗi daga hannuna. Nan na san ba wasa ba ne, kuma na san in na koma Utai ni kaɗai, ba ni da fuskar da zan shiga zauren nan da ita.

Ilu kuwa da ya ga launin sai ya ɗora hannu a ka. Ya ce shawara ce, irin wadda Faransawa suka fi tsoro. In kumandan ya ji, za a zagaye gidan da igiya, a ƙone tabarmi, a hana shanu fita, shi kuma fatomancinsa ya ƙare. Ya kawo shawarar mu ɓoye Garba a cikin rumbu har Allah ya yi ikonsa. Muna cikin gardamar ko mutum zai shiga ta bakin rumbu, ashe wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta gani, ta kai wa mai unguwa. Kafin Azahar sai ga ƙaramar mota a ƙofar gida, da soja ɗaya da likita. Su can lokotoro suke cewa.

Baƙin mutum ne, mutumin Dahome, gajere mai tabarau. Hausarsa a wurin mahauta ya koye ta, saboda haka ba ta da ladabi ko kaɗan, amma ana ganewa. Ya tsuguna ya duba tafin hannun Garba, ya ja fatar idonsa ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe ya ce wa soja ya koma mota, wannan ba shawara ba ce, mai shawara idonsa ne ke fara rinewa, wannan kuwa idonsa fari fat. Ya juyo ya tambaya wane ne ya ɗura wa tsohon nan ƙwayar soja.

Ilu ya nuna ni da hannu biyu.

Na miƙa gwangwanin. Ya leƙa ciki, ya tambayi inda ƙwayoyin suka kai da farko, na nuna masa da yatsa. Ya cire tabarau ya goge, ya ce abin da na ba mutum ɗaya zai ishi bariki guda, kuma surutun da yake yi da matattu rabinsa zazzaɓi ne, rabinsa aikina ne.

Daga nan ya shiga tambaya, kuma tambayoyin ba irin waɗanda na zata ba ne. Bai tambayi abin da Garba ya ci ba. Ya ce mene ne aikinsa, a ina yake kwana, da wa yake kwana, ni da nake kwana a ɗaki ko na yi ciwo, yaushe rabonmu da jin kukan sauro. Da na ce a cikin shanu yake kwana tare da karnuka, kuma wuni yake yana cire kaska, sai ya gyaɗa kai ya ce a tuɓe shi, yana neman wani abu a jikinsa.

Garba da ke ciniki da matattu, jin an ce a tuɓe shi sai hankalinsa ya dawo cak. Ya riƙe mazagin wandonsa da hannu biyu. Likita ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce maganin da yake tunani sabo ne, kaɗan ake kawo musu, ba zai ba da shi a kan zato ba sai ya gani da idonsa. Garba ya ce gara ya mutu da wandonsa. Na durƙusa na ce ya dubi Allah ya dubi Hajara.

"Ba likitan nake ji ba," in ji shi. "Kai nake ji. In na tuɓe yau, kafin Juma'a duk karar Wudil ta sani, har jikokina sai an yi musu waƙa da shi."

Na ce wallahi ba zan faɗa ba. Ya ce bai isa ba, ya san ni, ko ban faɗa da baki ba zan faɗa da ido. Na ce to me yake so.

"Ka rantse ba za ka ƙara yi mini wasa ba har abada."

Na rantse. A gaban Ilu da likita na rantse da Allah, ban ko tsaya tunani ba. Duk da haka bai yarda ba sai da ya sa aka fitar da ni ƙofar gida, kuma ya ce in riƙa ɗaga murya don ya san nisana. Haka na tsaya a bakin titi a Zangon Damagaram, dattijo da gemu, ina ta cewa ga ni nan, ga ni nan, masu wucewa suna ratse mini. Wata mata ta ajiye mini sadaka.

Da likita ya fito wanke hannu ya ce ya samu. Wani baƙin tabo ne kamar an ɗana garwashi, kewaye da ja, ga kaluluwa ta kumbura a kusa, ita ce ta hana shi tafiya daidai. Nan kaska ta cije shi. Na ce a ina ne daidai. Ya yi dariya ya ce mai jikin ya hana. Har yau abin da na sani shi ne yana tsakanin cibiya da gwiwa, kuma masu tambayata su daina.

A tsaye a zauren ya yi mini karatun da ban samu a ajin yaƙi da jahilci ba. Ya ce zafin jiki ƙararrawa ce kawai, ɓarayin da ke sa a buga ta suna da yawa. A garinmu na bakin kogi, da damina, in na ce sauro ne, galibi zan yi daidai, shi ya sa ƙwayata ta yi suna. Amma akwai na kaska, wanda ya fi kama makiyaya da mahauta da masu harkar fata da masu kwana da karnuka. Akwai na ƙwarƙwata, wanda ke bin wurin da mutane suka cunkushe ba wanki, kamar kurkuku, kuma ya fi wannan kisa. Duk waɗannan ƙwayar soja ba ta san su ba. Ya ce na kaska sau da yawa yakan bar mutum don kansa, amma tsoho da ba ya ci, ana kuma ɗura masa abin da na ɗura, zai iya tafiya. Ya mayar mini da gwangwanin.

"Baba, ajiye shi sai damina," in ji shi. "Kafin ka ba mutum, tambaye shi inda ya kwana. In ka ba shi bai ji ba, kada ka ƙara, kawo shi."

Aka ɗauki Garba zuwa asibiti. Sabon maganin nan bai daɗe ba ya karya zazzaɓin. Na riƙa kai masa kunu safe da yamma, in gaishe shi, in tambayi jiki, in zauna shiru. Muka sallami masu kora suka taho da shanu ta ƙasa, mu kuma da ya yi ƙarfi muka biyo mota. Launin dai bai tafi ba, likita ya ce sai a hankali. A iyaka sojojin suka gan shi suka ja da baya, ba wanda ya ce ya naɗe hannun riga.

Na zaci magana ta ƙare. Ashe saura.

Da muka iso gida na riƙe rantsuwata. Kullum in hau jaki in je Utai, in yi sallama, in ce Malam Garba ina kwana, ina gajiya, yaya ƙarfin jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Shi kuma ya ce alhamdu lillahi, Malam Audu. Mu yi shiru mu dubi ƙasa. Mutanen gida suka fara kallon-kallo. A kara aka ce mun yi faɗa a kan riba. Garba da ya fara cin tuwo a Damagaram sai ya koma tsakura, ya daina fita ƙofar gida, ya fara rabon kayansa: wannan sanda ta wane, wannan buzu na wane.

Rannan Hajara ta tare ni a zaure, ido ya yi ja. Ta ce Malam Audu, ka gaya mini gaskiya, me likitan nan ya faɗa maka a ɓoye? Na ce babu komai, ya warke. Ta ce ƙarya ne. Shekara nawa tana gidan nan ba ta taɓa jin na ce masa sannu ba, yanzu ga ni ina yi masa addu'a har da shafawa. Ta ce shi ma Malam ya gane, ya ce mata tun da Bawa ya fara girmama shi, to kwanansa ya ƙare, ana dai ɓoye masa ne.

Na ce ai shi ya sa ni rantsuwa. Ta shiga ta tambaye shi. Ashe bai tuna ba. Zazzaɓi da ƙwayoyina sun shafe ranar nan duka daga kansa, abin da ya riƙe kawai shi ne wani gajere mai tabarau ya ci masa mutunci.

Daga nan ban zarce ko'ina ba sai gidan liman. Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, sannan ya ce wanda ya yi rantsuwa ya ga barinta ya fi alheri, sai ya bar ta ya yi kaffara, in je in ciyar da miskinai goma. Na sa aka tuƙa tuwo aka raba a ranar, don kada a kwana.

Da La'asar na koma Utai. Ban yi sallamar kirki ba, na ɗaga labule na shiga. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya.

"Sanƙo," na ce, "ashe ba ka mutu ba? Tashi, masu rini sun aiko, suna neman aron kanka su gwada launi."

Ya juyo a hankali ya dube ni sama da ƙasa.

"Hajara," in ji shi, "kawo tuwon nan. Ki kawo da yawa, amma kada ki ba Bawa, a waje bayi suke ci."